Kaset ɗin Ƙarangiya

"Matsa min ƙafar nan, ka bar zancen kaset," in ji Maharazu.

Na matsa. Ƙafar ta kumbura har in ka danna yatsa sai ya bar rami. Yana kwance a kan katifa a soron gidansa da ke lungunmu a Goron Dutse, wurin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo. Matarsa Asibi ce ta sa aka fito da shi nan, don ɗakin ciki ya yi zafi, kuma maza masu dubiya ba sa yankewa. Matattun rediyoyin mutane suna jere a kan kanta har yanzu, masu su sun manta da su, wasu ma sun riga rediyoyin nasu tafiya.

"Ƙafa na matsa, baki kuma nawa ne," na ce. "Ina kaset ɗin?"

"Yana nan, Ɗalha."

"Yana nan ɗin nan tun Sallar bara nake jin ta."

Malam Haruna, wanda ke zaune a kan benci da hularsa a gwiwa, ya yi gyaran murya irin ta tsofaffin malaman makaranta. Shi ya koyar da rabin yaran unguwar nan Turanci, kuma har gobe in zai yi magana sai ya tsaya kamar yana jiran aji ya yi shiru.

Kafin in faɗi abin da ya ce, bari in gaya muku ko wane kaset ne, don na san ba ku taɓa jin sa ba. Babu wanda ya taɓa ji sai mu.

A farkon shekarun tamanin yayana Sule da Maharazu suna sakandare, sai wani malaminsu ɗan Gana ya dawo daga Landan da faya-fayen wasu samarin Turawa marasa jin magana. Kiɗa ne mai gudu kamar an koro shi, jita tana ihu, mawaƙi yana ihu, kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare. Malam Haruna ya ce sunansa punk, kuma in ka faɗa ba daidai ba sai ya gyara maka. Sule ya ji, ya ce ai wannan ko shi zai iya, tunda ba murya ake nema ba, haushi ake nema, kuma haushi yana da shi buhu-buhu. Ya ja Maharazu ya riƙe jita, suka samo wani Bayarabe daga Sabon Gari mai dukan ganga kamar ta zagi uwarsa. Suka sa wa kansu suna Ƙarangiya, wai in sun maƙale maka sai ka zauna ka cire su ɗaya-ɗaya.

A wani garejin gyaran babura bayan Ƙofar Dawanau suke kiɗansu, don a cikin gari ko da gigin wasa ba su isa ba. Mu 'yan bayansu muna yaga hannun riga mu maƙala fil, in za mu shigo unguwa mu ɗora babbar riga a kai. Kaset ɗaya tak suka yi, Famfo Ya Bushe. Ba waƙar soyayya a ciki, ba kirarin mai kuɗi. Waƙar famfon lungu ce, da ta kwatar da ta toshe, da ta dattawan da ke hana yaro magana. "Famfo ya bushe, bakinmu bai bushe ba!" Haka Sule ke ƙwalawa har muryarsa ta tsage. A can ƙarshen gefe na biyu, bayan jita ta yi shiru, an manta ba a kashe na'ura ba, sai ka ji yana haki yana cewa, "Ɗalha, kawo ruwa mana," ya fashe da dariya. Ina wurin a ranar, ni na kawo ruwan.

Ba a kai shekara biyu ba bayan nan mota ta kashe Sule a hanyar Zariya. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Hotonsa guda na makaranta ruwan sama ya ci shi shekarar da katangarmu ta faɗi. Kaset-kaset ɗin da aka buga dama ba su cika kwali ba. Iyaye sun fasa wasu, rikoda ta tauna wasu, na Malam Haruna ɗansa ya zare masa zare ya ɗaura wa jirgin leda. Wanda ya rage shi ne na Sule na kansa. Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗinsa na ga mahaifinmu yana tattara kayansa, na san in ya kai hannu kan kaset ɗin sai turmi. Na ɗauke shi a hammata na tsallaka gidan Maharazu.

"Amana na kawo maka," na ce.

"Har in mutu," ya ce, ya sa shi cikin gwangwanin madara ya rufe.

Daga nan muka kafa al'adarmu. Duk washegarin ƙaramar Sallah, bayan la'asar, sai mu taru a soron nan mu kulle ƙofa. Sau ɗaya ake jin sa a shekara, gefe da gefe, don kada zaren ya gaji. Ba a mayar da shi baya da rikoda, Maharazu ke zura biro ya juya a hankali. Da muna cika soron har wasu a tsaye, da direba da tela da mahauci, kowa da furfurarsa yana kaɗa kai kamar ƙadangare. Mutuwa ta yi ta zaɓa har muka koma mu uku.

Sallar bara kuwa Maharazu ya ce rikoda ta lalace. Mai gyaran rediyo! Na ce masa wannan kamar mahauci ne ya ce ba ya da wuƙa. Da na matsa masa sai ya fito da gaskiya. Wai ya ji a wurin karatu cewa yadda sadaka mai gudana ke bin mutum kabari, haka zunubi mai gudana ke bin sa, duk wanda ya saurari kiɗanka bayan ranka, kai ake rubuta wa.

"Zunubin da tsofaffi uku ke ji sau ɗaya a shekara?" na ce. "Ai wannan bai kai gudana ba, ɗiga yake."

Ya yi dariya har da tari, na ɗauka magana ta wuce.

To, yanzu ga abin da Malam Haruna ya ce bayan gyaran muryar.

"Jikata Sumayya ta ce abu ne mai sauƙi. A kunna kaset, a ajiye waya a gefe, shi ke nan ya shiga. Sai ta ɗora shi a intanet."

Maharazu ya juyo da kai a kan matashi. "Ita wayar nan, in an sa abu a ciki, mutum zai iya cewa a cire?"

"Ina! Ai daɗin abin ke nan," in ji Malam Haruna, yana murna kamar shi ya ƙirƙiro ta. "In ya shiga ya shiga. Na Legas zai ji, na Landan zai ji, su san mu ma mun yi. Bayan ba mu, jikokin jikokinmu za su ji jitarka. Har tashin ƙiyama, Malam Maharazu."

Maharazu ya lumshe ido. "Har tashin ƙiyama," ya ce a hankali.

"Ka ga ni ba don Landan nake so ba," na ce. "Zaren nan ya tsufa kamar mu. In ya tsinke, Sule ya sake mutuwa. Ka ba ni kayana in adana."

"Za ka samu kayanka," ya ce. "Ku bari in ɗan ji ƙarfi."

Ran Alhamis na koma ni kaɗai, bayan na shanya hulunan da na wanke, don wankin hula ne sana'ata. Na yi sallama, ya ɗan jinkirta kafin ya amsa. Na same shi a jingine da bango, an rufa wani abu da darduma kusa da kansa. Ranar bakinsa ya buɗe. Da na yi niyyar tashi sai ya riƙe min riga.

"Zauna mana. Ina za ka? Hula ba ta gudu."

Muka yi ta hira. Ya tuna min ranar da mai garejin ya koro mu da sifana, da ranar da wayar jitarsa ta tsinke ya ɗaura wayar birkin keke. Ya tambaye ni ko ina mafarkin Sule. Na ce ina yi, amma a mafarkin ba ya magana, shi ya sa nake ƙosawa Sallah ta zo. Ya kalli rufin soro.

"Kaset ɗin dai yana nan ko?" na ce.

"Yana nan, Ɗalha. Yana kusa da ni."

Can sai na ji wani ɗan ƙas. Na ce mene ne, ya ce ɓera ne a cikin rediyoyin nan, ya dame su. Ya ce in leƙa in ce wa Asibi ta ba da ruwa, maƙogwaronsa ya bushe. Na je bakin labule na karɓo, na dawo na tallafe masa kai ya sha. Na daɗe a wurinsa ranar, har rana ta sauka daga kan dutse. Na fito ina cewa a raina mutumin nan ya samu sauƙi.

Ran Asabar da hantsi, hannuna cikin kumfa, na ji salatin Asibi ta kan katanga. Ban ko ɗauraye hannu ba na fita.

Kafin azahar an gama shirya shi. Da aka ajiye makara a ƙofar gida, babban ɗansa Anas ya miƙe.

"Jama'a, Baba ya zauna da mutane. Duk wanda ya saɓa wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, don girman Allah ya yafe masa."

Ni na fara amsawa, kuma da ƙarfi, har na sahun baya suka ji. "Na yafe masa duniya da lahira!" Da zuciya ɗaya na faɗa. Ni na kama kafaɗarsa aka saka shi, ni na jera tukwanen farko. Na yi kuka a maƙabarta ban ji kunyar kowa ba, don ba maƙwabci kawai na binne ba, na binne mutum na ƙarshe da ya tsaya kusa da yayana yana kiɗa.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ɗan lafa, Asibi ta aiko in zo bakin labule. Muryarta ta dushe.

"Malam Ɗalha, ya bar saƙo. Ya ce a ba ka hannu da hannu, kada a aika kowa."

Ta turo rikoda ta ƙarƙashin labulen, sannan gwangwanin madara.

"Ya ce a ce maka amanarka ta dawo."

"Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ya cika alkawari."

"Amin. Ni dai ban san abin da ke cikin kaset ɗin nan ba, shekara da shekaru kuna kulle ƙofa kamar masu raba gado. Amma ran Laraba sai da ya sa aka sayo masa batir."

Na rungumi kayan na yi shagona, na aika wa Malam Haruna. Ya zo da saurinsa, da sabon batir a aljihu da wayar Sumayya a hannu, an nuna masa inda zai danna. Muka janyo ƙofa. Huluna suna kafe a kan itatuwansu suna shan iska, kamar jama'ar da ta zo sauraro. Ba Sallah ba ce, amma muka ce yau ta Maharazu ce.

Na buɗe gwangwanin. Ga shi nan, da rubutun Sule na jan biro a jiki. An juya zaren har farko, tsaf, yadda Maharazu ke yi. Na saka, Malam Haruna ya kara waya, ya ɗaga min gira. Na danna.

Duk shekara, abin da ke fara zuwa shi ne sandunan ganga suna haɗuwa, sai Sule ya ce, "Ku taso!" Har na buɗe baki zan taya shi.

Sai shuuu. Sai tari. Kaza ta yi kuka a nesa, wani mai babur ya wuce. Tari kuma, mai nauyi, irin na mai ciwon ƙirji.

"Bari ya ɗan yi gaba," in ji Malam Haruna. "Farkon zaren ne ya ci."

Sai aka yi sallama a cikin rikodar. Muryar wani tsoho ce mai kaushi, ban gane ta ba sai da na ji ya ce, "Maharazu, ya jikin?" Ni ne. Na ji ƙarar bencin da na ja. Na ji an ce, "Zauna mana. Ina za ka? Hula ba ta gudu."

Malam Haruna ya sauke wayar a hankali.

Ban kashe ba. Na zauna ina jin kaina ina dariya a kan sifana da wayar birki, alhali a daidai wurin nan waƙar kwata ya kamata ta kasance. Na san kaset ɗin nan kamar tafin hannuna. Kowace dariya da na yi, na san baitin da ta hau kai. Na ji kaina ina cewa a mafarki Sule ba ya magana. Sannan na ji na tambaya, ya amsa, muryarsa dab da na'ura, ba ko gargada.

"Yana nan, Ɗalha. Yana kusa da ni."

"Kuskure ne," in ji Malam Haruna. "Mara lafiya ne, hannunsa na rawa. Ya so ya ji ne na ƙarshe, ya danna jan maɓalli bai sani ba."

Na cire kaset ɗin na juya samansa. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san akwai 'yan kunnuwa biyu a sama, in ka ɓalle su ba rikodar da za ta yarda ta ɗauki wani abu a kai, ko ka hau maɓallin da ƙafa. Sule da kansa ya ɓalle na wannan da ƙusa, a gabana. Yanzu ramukan biyu a toshe suke da auduga, irin wadda ake goge wa Maharazu wurin allura. An cusa ta da kyau, an daidaita bakinta, aikin mai gyara.

Na miƙa wa Malam Haruna. Ya duba, ya cire tabarau, ya mayar.

"Inna lillahi," ya ce. "Ni na ce masa har tashin ƙiyama."

"Kai ka faɗi magana, shi ya yi aiki."

"Tsoro ne, Ɗalha. Mutum yana ganin kabarinsa."

"Kabarinsa!" Ban san na miƙe ba. "Jitar tasa ce, na yarda. Muryar fa? Wa ya naɗa shi wakilin kabarin Sule? Da ya ce min, Ɗalha, ina tsoro, kada a sa a waya, wallahi da na rantse masa da Alƙur'ani. Da na ji ni kaɗai a ɗaki har in bi su. Amma ya zaunar da ni, Malam. Ina matsa masa ƙafa yana shafe min ɗan'uwa. Ya aike ni ruwa don ya juya gefe na biyu, ni kuma na tallafe masa kai!"

"Wataƙila ya so ya bar maka hirarku a madadi."

"Na roƙe shi? Muryata nake nema? Ga ta nan kullum ina fama da ita."

Malam Haruna ya bari na gama huci. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ka dai riga ka yafe."

"Na yafe abin da na sani."

"Ba haka ka ce ba. Ina kusa da kai. Duniya da lahira ka ce."

Wannan ita ta fi ƙona min rai, kuma har yau ita ke ƙona shi. Maharazu ɗan unguwar nan ne, ya san yadda ake yi. Ya san Anas zai miƙe a gaban makara, ya san ni zan fara amsawa, ya san bakina ba ya yin abu rabi-rabi. Shi ya sa bai ba ni kayana yana da rai ba, ya ce sai hannun Asibi. Ya karɓi yafiyata tukuna, ya tafi da ita cikin likkafani, sannan ya aiko min da abin da na yafe. Mutumin da na sani tun muna tsallen kwata, ya yi min dabara a kan gadon mutuwarsa.

"Juya ɗaya gefen," in ji Malam Haruna.

"Me za a ji? Ni ne dai da kofin ruwa."

Shi ya juya da kansa. Haka ne kuwa. Ga takuna, ga maƙwat-maƙwat ɗin shan ruwa, ga "Alhamdu lillahi." Muka zauna muna jin tsofaffi biyu suna hirar farashin gero a kan Famfo Ya Bushe. Malam Haruna yana motsa leɓe, na gane waƙar yake bi a zuci, yana ɗan buga gwiwa a inda ganga take shiga. Ni ko wannan na kasa.

Can na ji na ce, "To, sai gobe." Ƙofa ta yi ƙara. Numfashin Maharazu kaɗai ya rage, yana ja da ƙyar, ya daɗe. Sai motsin darduma, sai ƙas.

Sai wani shuuu na dabam, tsoho, mai faɗi, irin na garejin nan mai rufin kwano. Wani yaro yana haki.

"...ruwa mana."

Dariyar ta biyo, gaba ɗayanta, har inda take sarƙe shi ya yi tari. Zaren ya ƙare, rikoda ta tsaya da kanta.

Sunana bai tsira ba. Ko Maharazu ya bar wannan guntun da gangan ne, ko hannunsa ne ya gaji, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya. Malam Haruna ya ɗago wayar yana dubana, na girgiza kai, ya mayar da ita aljihu.

Na zare audugar nan da tsinken hula, ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a kan benci. Ta ƙofar shago ana jin sababbin masu gaisuwa sun iso gidan makoki, wani mai babbar murya yana jan addu'a. "Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta." Lungu gaba ɗaya ya amsa da amin, har Malam Haruna a gefena. Ni kuwa na ciro biro daga aljihu na zura a idon kaset ɗin, ina juya shi baya kaɗan-kaɗan, daidai tsawon dariya ɗaya.